Zaure Ba Ya Ɗaukar Iyali: Lacca Kan Marasa Muhalli a Duwala

 

An nemi in yi magana a kan iyalan da ba su da wurin kwana a birnin Duwala. Wani zai ce, ina suke? Wanda ya ratsa kasuwar Sandaga da asuba, lokacin da motocin tumatir na Foumbot da na albasar Marwa ke sauke kaya, zai ga samari 'yan dako kwance a kan kwali, amma da wuya ya ga uba da uwa da 'ya'yansu a wuri ɗaya. Dalili shi ne iyalin da ya rasa gida a wurinmu watsewa yake yi. Mace ta koma gidan yayarta da na goye, maigida ya koma barandar masallaci ko rumfar kasuwa, a kai babban yaro wajen malam, a tura yarinya aikatau. Kowa ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa, gidan kuwa ya mutu, kuma ba wanda ya rubuta mutuwarsa.

Unguwar New Bell kanta tashin mutane ne ya haife ta. Kafin Yaƙin Duniya na Farko, Jamusawa sun ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wouri, suka tura su ciki, inda New Bell take yanzu, suka bar tazarar kilomita guda tsakaninsu da unguwar Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya baƙi suka cika wurin: Hausawa, Bamileke, Bassa da sauransu. Kakanninmu sun gina ɗakuna a ƙasar da aka ba su da fatar baki. Da dokar filaye ta 1974 ta zo, ta ce takardar mallaka ta hukuma ce kaɗai shaidar fili, sai gidaje da yawa da aka haifi uba da kaka a cikinsu suka zama marasa hujja a idon doka.

Shi ya sa katafila ba ta jin kunyarmu. A Janairun 2021 an rushe gidaje a Newtown, kusa da filin jirgin sama. Ranar 14 ga Mayu, 2022 aka share Dikolo a unguwar Bali domin gina babban otal, a bakin damina. A 2023 kotu ta soke matakin da aka dogara da shi wajen rusau ɗin, amma hukuncin kotu ba ya mayar da bangon da ya faɗi. Idan haka ta faru da 'yan asalin gari, to baƙo da ke haya fa? Shi ko a maganar diyya ba a kiran sunansa, domin diyya ta mai fili ce.

Sauran hanyoyin rasa gida kun san su. Ruwan da ke sauka a Duwala ya kusa milimita 4,000 a shekara, lambatu kuma a toshe. A Yulin 2023 bene ya rufta a unguwar Ange Raphaël, ya hallaka mutum kusan 40. Gobarar Kasuwar Kongo ta 2019 shaguna ta ci, amma wanda jarinsa ya ƙone, kuɗin hayarsa ne ya ƙone. Ga waɗanda rikicin yankunan masu Turancin Ingilishi ya koro zuwa unguwar Bonaberi tun 2017, ga 'yan'uwanmu na Arewa Mai Nisa da Boko Haram ta tasa. Amma abin da ya fi kowanne korar iyali, ba tare da ƙara ba, shi ne kafin alƙalami. Mai tura baro a Sandaga zai iya biyan haya wata-wata. Abin da ba zai iya ba shi ne haɗa kuɗin watanni masu yawa a rana ɗaya, kamar yadda masu gidaje ke nema.

Gwamnati tana da hukumomin gidaje. Akwai SIC tun 1952, akwai MAETUR da Crédit Foncier tun 1977. A 2009 an ƙaddamar da shirin gidaje 10,000 masu sauƙin kuɗi, kason Duwala yana Mbanga Bakoko. Ƙasar da hukumominta ke cewa tana ƙarancin gidaje sama da miliyan 2, ko an gama shirin duka bai taɓa matsalar ba. Sannan wa aka gina wa? Mai takardar albashi da asusun banki. Ɗan dako ba shi da ko ɗaya, kuma ko kyauta aka ba shi ɗaki a can bayan gari, kuɗin mota zai cinye abin da ya samu, tunda aikinsa kafin kiran assalatu yake farawa. Gidan da ya raba mutum da abincinsa, ba zai daɗe a cikinsa ba. Aikin gyaran unguwar Nylon na shekarun 1980, wanda Bankin Duniya da ƙasar Suwizalan suka tallafa, ya fi kusa da hankali duk da kurakuransa: an buɗe tituna da magudanai, mafi yawan mutane suka zauna inda suke.

Yanzu bari in juyo kanmu. Mu Hausawa muna da tsarin saukar baƙi da ya girmi duk waɗannan hukumomi. Daga Kumasi zuwa unguwar Sabo ta Ibadan zuwa nan, fatoma ne ke ba falke masauki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki. Har yau ba a rasa zauren da zai karɓi yaron da ya sauko daga jirgin ƙasan Ngaundere. Wannan abin alfahari ne. Sai dai an gina shi ne domin namiji matafiyi, mai tabarma da buta. Zaure ba ya ɗaukar mai jego. Ba shi da makewayin mata, ba shi da murhu, ba shi da ƙofar da za a rufe. Shi ya sa alherinmu da kansa yake taimakawa wajen raba iyali, muna ganin mun yi taimako.

Abin da nake kira gare shi bai fi ƙarfinmu ba. Mun iya haɗa kuɗi mu ƙara wa masallaci bene, to mu haɗa mu sayi gida ɗaya a cikin unguwa, mu yi waƙafinsa da takardar hukuma, ba da fatar baki ba. Ɗakuna masu ƙofa da ruwa da makewayi, iyali ya zauna wata uku ko shida a haɗe, yara su ci gaba da zuwa makarantarsu. A sa wa'adi tun ranar shiga, in ba haka ba zai zama gidan gado. Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da waƙafi. Mu tura mutum ya ga yadda suke ajiye lissafi. Ƙungiyoyin kasuwa kuma su ware asusu irin na adashi domin kafin alƙalami kaɗai, a ba mutum rance ba ruwa, shugaban layinsa ya tsaya masa kamar yadda fatoma ke tsaya wa falke. Iyayenmu mata su riƙe littafin sunaye, domin su suka san wadda ke kwana a madafar wata. A haɗa da neman takardar haihuwar yara da katin shaidar iyaye, waɗanda ruwa da rusau ke fara cinyewa.

Ga magajin garin Duwala da ma'aikatar gidaje kuwa, roƙonmu ɗaya ne: kada a rushe ɗaki sai an ƙirga waɗanda ke cikinsa, har da 'yan haya, an nuna musu inda za su koma, kuma kada a yi rusau da damina ko tsakiyar zangon karatu.

Ya ku shugabannin Sandaga da limaman New Bell, kada mu tashi daga wannan zama sai mun naɗa waɗanda za su fara rubuta sunayen iyalan nan kafin ruwan Yuli ya sauka. Allah Ya ba mu iko.