YADDA ZA A AJIYE KWANON RUFI DA DAMINA KADA YA LALACE

Yau za mu yi magana a kan ajiyar kwanon rufi, da sauran kayan ƙarfe masu ƙyalli irinsa, watau wayar shinge, da ragar kaji, da bokiti, da bututun ban ruwa.

Da yawa daga cikinmu in kaka ta yi, an sayar da gyaɗa ko auduga ko waken suya, mutum yakan sayi kwano bandir ɗaya ko biyu ya ajiye, har ya tara abin da zai rufe ɗaki ko sito. Wannan dabara ce mai kyau, don kuɗi ba su zama a aljihu. To, amma sau da yawa damina takan tarar da kwanon nan yana ajiye. Sai ran da aka kira kafinta aka kwance bandir, a ga tsakanin kwanon ya yi fari fat kamar an barbaɗa gari, wani wurin har ya yi baƙi ko ja. Bandir ɗaya falle 20 ne. In rabinsa ya ɓaci, gumin mutum na watanni ya tafi a banza ke nan.

ABIN DA KE KAWO FARAR TSATSA

Kwanon rufi baƙin ƙarfe ne aka yi wa riga. A masana'anta ana tsoma shi cikin narkakken farin ƙarfe da ake kira tutiya, ko zinki, mai zafin da ya kai wajen digiri 450. Tutiyar nan ita ce ƙyallin da kuke gani, ita ce kuma ke tsare ƙarfen ciki daga tsatsa. Sai dai rigar ba ta da kauri, ko kaurin gashin kai ba ta kai ba.

In kwano yana bisa ɗaki, ruwa ya doke shi, rana da iska su busar da shi. Da haka sannu a hankali ƙyallin ke dushewa ya koma toka-toka. Kada wannan ya dame ku, wata fata ce mai ƙarfi tutiyar ta yi wa kanta, ita ce ke sa rufi ya yi shekaru. Fatar nan kuwa ba ta samuwa sai da iska.

To, ku dubi bandir. Falle yana kwance cikin falle, sun manne, ba inda iska za ta shiga. Ruwa kuwa yana shiga, don bakin kwanon yana jawo shi ciki kamar yadda lagwani ke jan kananzir. In ya shiga ba ya fita, ba ya bushewa. Sai ya zauna yana cin tutiyar, tana komawa farin gari. Ita ce farar tsatsa. Cikin kwana biyu ko uku tana iya bayyana. In an bar ta makonni sai ta cinye rigar ƙaf, jar tsatsa ta kama ƙarfen ciki, daga nan sai huji. Sabon kwano mai ƙyalli ya fi saurin kamuwa, don bai riga ya yi fatarsa ba. Ɗan man da akan shafa masa a masana'anta na ɗan lokaci ne, ba ya ɗaukar damina guda.

Ku sani kuma ba ruwan sama kaɗai ne abokin gaba ba. Da dare ƙarfe yakan yi sanyi, laimar da ke cikin iska ta kwanta masa kamar raɓa, mu ce kwano ya yi gumi. Daɓen ƙasa shi ma yana tayar da danshi. Saboda haka ko cikin ɗaki kwano yana iya ɓaci, musamman a watan Yuli da Agusta, sa'ad da ruwa ya kankama.

YADDA ZA A AJIYE SHI CIKIN ƊAKI

1. Tun daga kasuwa a duba bandir. In an ga alamar farin gari a bakinsa kada a saya. In za a ɗauko shi a amalanke ko a mota ga hadari, a rufe shi da tamfol.

2. In ruwa ya taɓa shi a hanya, kada a ce sai gobe. A kwance bandir ran nan, a ware falle-falle, a goge da busasshen tsumma, a jingine su su sha iska. Sai sun bushe sarai sa'an nan a tara.

3. A zaɓi ɗakin da ba ya yoyo, mai taga ko kafar shan iska. Kada a kulle shi ruf duk damina. Ran da rana ta fito a buɗe ƙofa.

4. Kada a shimfiɗa kwano a ƙasa, ko da daɓen siminti ne. A jera bulo, a ɗora busasshen katako uku ko huɗu a gicciye, yadda kwanon zai tashi daga ƙasa kamar ƙafa 1, watau santimita 30. A guji ɗanyen itace, don ruwan jikinsa yana cin tutiya.

5. A ɗaga gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ta tsawon kwanon, don in ruwa ya ɗiga ya bi kwarin kwanon ya zube.

6. In ajiyar za ta wuce wata guda, a raba fallayen. A sa siraran busassun sanduna ko guntayen igiyar roba tsakanin falle da falle. Kada a sa kwali ko takarda ko buhun algarara, don suna shan ruwa su riƙe.

7. Wanda ba shi da fili ya tsayar da kwanon a kan katako, ya jingina da bango, ya ɗan buɗa gindin fallayen don iska ta ratsa. A ɗaure da igiya kada ya faɗo wa yara.

IN DOLE SAI A WAJE

A nemi tudu inda ruwa ba ya kwanciya, a nome ciyawar wurin. A ɗaga kwanon a karkata shi kamar yadda muka faɗa. Sa'an nan a yi masa rumfa da tamfol ko zana da leda, a bar tazara tsakanin rufin da kwanon, a bar gefe biyu a buɗe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a naɗe bandir da leda a ɗaure tam. Ledar takan hana ruwan sama, amma takan tsare gumin da ke ciki. Rana ta dafa, dare ya sanyaya, kullum kwanon yana cikin ruwa. A ɗora dutse ko a ɗaure da kyau saboda iskar farkon damina.

ABUBUWAN DA BA SU ZAMA ƊAKI ƊAYA DA KWANO

Na farko takin zamani. Yuriya, da kamfa, da sufa, duk suna jan laima, kuma ruwansu yana cin ƙarfe. Na san da yawanmu sito ɗaya gare mu. In haka ne, taki a wannan kusurwa, kwano a waccan, kada kuma a ɗora buhu a kansa ko na dare ɗaya. Haka nan gishiri, da kanwa, da toka, da siminti, da farar ƙasa, da batir mai ruwa. Kada a ajiye shi a akurkin kaji ko garken awaki, don tururin kashi da fitsari yana lalata tutiya. Kada a haɗa shi da tsohon ƙarfe mai tsatsa ko wayar tagulla.

SAURAN KAYA

Naɗin waya da ragar kaji a rataye su ko a ɗora bisa katako. Bokiti da butar ban ruwa a wanke, a kife su bushe, kada a cusa jiƙaƙƙe cikin jiƙaƙƙe. Kada a bar ruwan taki ko ruwan tsamiya ya kwana a ciki. Bututun ban ruwa in an gama noman rani a tsiyaye shi, a jera a karkace. Ƙusar kwano a zuba ta cikin busasshen gwangwani mai murfi.

IN TSATSAR TA RIGA TA KAMA

A fitar da kwanon a ware a shanya. In farin garin kaɗan ne, a goge da burushin wanki mai tauri, kwanon yana nan da ƙarfinsa, ana iya rufi da shi. Kada a sa burushin waya, don zai kankare sauran rigar. In garin ya yi kauri, a matsa lemun tsami cikin ruwa a goge wurin, a ɗauraye nan take da ruwa mai yawa, a busar. Kada a bar tsamin ya daɗe, shi ma yana cin tutiya. Inda ja ya fito, rigar ta ƙare. A goge wurin da samfefa, a shafa fenti mai tutiya ko wanda aka yi domin kwano. Fentin mai na ƙofa da taga ba ya daɗewa a jikin kwano, ɓarewa yake yi. Fallen da ya ci sosai a yi shinge ko rumfa da shi, kada a ɗora shi bisa ɗakin da za a zuba hatsi.

Daga ƙarshe, jama'a, a riƙa leƙa ajiyar nan kowane mako, da kuma bayan kowane babban ruwa. A ɗaga falle biyu uku a shafa da hannu. Wanda kuma yake da halin rufi kafin ruwa ya sauka, ya yi, don kwano ya fi lafiya bisa ɗaki da cikin bandir. Rigakafi ya fi magani. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka.