Matar Sojan Ruwa Ma Tana Bakin Aiki

Wasu sun taso daga Gusau, wasu daga Tsafe, wasu daga Bunguɗu, duk da halin da hanyoyinmu suke ciki. Rawayya ta gode muku.

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, ƙasarmu takan tuna da 'yan mazan jiya, domin a wannan rana ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Akan yi fareti, a ajiye furanni, a saki tattabaru. Yau kuwa muna so mu yi magana a kan wadda ba a kiran sunanta a filin fareti, wato matar soja, musamman matar sojan ruwa.

Wani zai ce, me ya haɗa Rawayya da teku? Rundunar sojojin ruwa, wadda aka kafa a 1956, tana ɗaukar matasa daga kowace jiha, har da tamu. Yaron da bai san ruwan da ya fi gulbi ba, sai a kai shi Onne a Jihar Ribas ya sami horo, daga nan a tura shi Apapa a Legas, ko Kalaba, ko Yenagoa. Ba a nan kaɗai aikin ya tsaya ba. A 1990 jiragen ruwan yaƙinmu sun kai dakarun ECOMOG Laberiya. A watan Disamba na 2018 kuma, lokacin da 'yan ta'adda suka afka wa Baga a bakin Tafkin Chadi, har sansanin sojojin ruwa da ke can harin ya shafa.

To, ita matar fa? Idan ta bi shi bariki, ta bar danginta, ta shiga garin da ba ta jin harshensa. Idan ta zauna a gida, sai ta ga maigida sau ɗaya ko biyu a shekara. In jirgi ya fita teku, waya takan yi shiru kwana da kwanaki, ba ta san ko lafiya ba. Ita ce za ta kai yaro asibiti da tsakar dare, ita ce za ta nemo kuɗin makaranta, ita ce za ta tsaya a kan noma idan damina ta faɗi. Wata ta haihu, an yi suna, uban bai ga ɗansa ba sai da ya fara rarrafe. Duk da haka maƙwabta ba su bar ta ta huta ba: ina ta je, wa ya shigo gidan, me take yi da albashin miji. Mu daina wannan, domin babu kyau.

Akwai maganar da ta fi damunmu, kuma ita ce ta tara mu. Duk wanda ya shiga soja yakan rubuta sunan magajinsa, wanda hukuma za ta nema in wani abu ya same shi. Yawancin yaranmu suna shiga aikin tun ba su yi aure ba, don haka sukan rubuta sunan uba ko na wa. Daga baya a yi aure, a haihu, takarda kuwa tana nan yadda take. Ranar da labari marar daɗi ya zo, hukuma sunan da ke rubuce za ta bi. Matar da ta yi shekara goma tana riƙe da gida sai ta koma kallo, ga shi bayan wani lokaci dole ta bar ɗakin bariki, ga marayu a hannu. Ba ma cewa iyaye ba su da haƙƙi a kan ɗansu. Suna da shi. Amma surukai, ku ji tsoron Allah, kuɗin nan shi ne abincin jikokinku da karatunsu.

Saboda haka, 'yan'uwanmu mata, idan maigida ya zo hutu, ku zauna da shi cikin natsuwa ku tambaye shi sunan wa ke takardar. Wannan ba fatan mutuwa ba ne. Ku san lambar aikinsa da inda yake aiki, ku adana shaidar aure da takardun haihuwar yara a wuri ɗaya, inda gara da ruwan sama ba za su taɓa su ba. Waɗanda mazansu suka yi ritaya, batun fanshonsu yana hannun Hukumar Fanshon Sojoji a Abuja, ita ma da takarda take aiki.

Mu da muke zaune a gari kuma, ranar gayya kada mu tsallake gonar gidan soja. Duk wadda ba ta iya karatu ba, ko ba ta gane abin da ke cikin takardun mijinta ba, ta ɗan dakata bayan an tashi, za mu zauna mu duba su tare.