Yadda Ya Kamata A Zaɓi Ƙungiyoyin Da Za Su Shiga Zagayen Ƙarshe Na Gasar Ƙwallo



Maganar da za mu yi yau ta wasan ƙwallo ce. Wataƙila wani ya ce wannan ai sha'anin yara ne, bai kai a tara manya dominsa ba. To, amma kowa a cikinku ya sani, in aka yi gasa tsakanin makarantu ko tsakanin samarin garuruwa, rigimar da ta kan biyo baya ba a fili ta ke ƙarewa ba. A ƙofar uban ƙasa ta ke ƙarewa. Mafi yawanta kuwa ba a kan wanda ya ci kofi a ke yinta ba, a kan waɗanda aka hana su shiga zagayen ƙarshe ne. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Yaron da aka cinye a fili ya kan haƙura ya koma gida. Wanda aka fitar da alƙalami a cikin ɗaki, shi da iyayensa da mutanen garinsu ba su mantawa.

Tushen wahalar

Ƙaramar Hukumar Sabon Birni tana da mazaɓu 11, ta Isa tana da 10. A ce kowace mazaɓa ta fito da ƙungiya ɗaya, ƙungiyoyi 21 ke nan. In aka ce kowace ta kara da kowace sau ɗaya, sai an yi wasa 210. Ba mu da kuɗin mota na wannan, ba mu da lokacinsa, gama daga kaka zuwa faɗuwar ruwa ne kaɗai samari su ke da sukuni. Saboda haka tilas a raba su rukuni-rukuni, sa'an nan a tsamo kaɗan su yi zagayen ƙarshe. Da zarar an yi haka, sai tambaya ta taso: ƙungiyoyin da ba su taɓa haɗuwa ba, ta yaya za a san wadda ta fi cancanta?

Amsa iri biyu ce. Waɗansu sun ce a ɗauki wadda ta ci wasanninta, ko da wa ta kara. Waɗansu kuma sun ce a sa masana su duba su ɗauki wadda ta fi ƙarfi a ganinsu. Kowace amsa tana da hujja, kuma an gwada kowace a wata ƙasa. Bari mu duba abin da ya same su.

Abin da ya faru a Amurka

Jami'o'in Amurka suna da wani irin wasan ƙwallo nasu, wanda a ke ɗaukar ƙwallon a hannu a ruga da shi. Manyan jami'o'in da ke yinsa sun fi 130, kowace kuwa wasa 12 ta kan yi a shekara kafin wasannin ƙarshe. Watau matsalarsu irin tamu ce, sai dai tasu ta fi girma.

Shekaru masu yawa 'yan jarida da masu koyar da wasa ne su ke jefa ƙuri'a su ce ga zakara. A 1997 'yan jarida suka ce Michigan, masu koyarwa suka ce Nebraska, aka tashi da zakaru biyu. Daga 1998 aka haɗa ƙuri'ar da lissafin kwamfuta don a fid da ƙungiyoyi biyu su yi wasan ƙarshe. Wannan ma bai kashe gardama ba, don a 2003 an sake tashi da zakaru biyu. A 2014 aka kafa kwamiti na mutum 13, aka ba su iko su zaɓi ƙungiyoyi huɗu.

A 2023 sai abin ya fito fili. Jami'ar Florida State ta yi wasa 13 ta cinye duka, ta zama zakarar rukuninta. Amma babban ɗan wasanta ya karye a ƙafa a watan Nuwamba. Kwamiti ya ce ba tare da shi ba ƙarfinta ya ragu, aka bar ta, aka ɗauki Alabama da Texas, waɗanda kowace an cinye ta sau ɗaya. Ku duba wannan da kyau. Yara sun yi iyakar abin da aka ce su yi, ba su faɗi ko sau ɗaya ba, aka ce su zauna a gida saboda abin da a ke tsammani zai faru gobe.

A 2024 aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12, aka ce biyar daga cikin zakarun rukunoni za su shiga kai tsaye, saura bakwai kwamiti ya zaɓa. Wadda ta ci kofi a wannan karo, Ohio State, an cinye ta sau biyu a shekarar, kuma ba zakarar rukuninta ba ce. Wannan ya nuna masu cewa a bar wata ƙofa domin mai ƙarfin da ya yi tuntuɓe su ma suna da gaskiyarsu.

Abin da maƙwabtanmu su ke yi

Ba sai mun je nesa ba. 'Yan'uwanmu na Tibiri da Maraɗi sun san gasar kokawa ta Takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Jihohin Nijar takwas ne, kowace ta kan kawo 'yan kokawa goma, tamanin ke nan. Jiha ta kan kara da jiha, kuma waɗanda ba a ka da su ba su ne ke wucewa zuwa zagayen sili ɗaya ƙwale. Ba wanda zai ce wane ya fi ƙirar ƙarfi, a sa shi a madadin wanda bai faɗi ba. Ƙasa ita ce shaida. Wannan ƙa'ida kowane manomi ya gane ta, shi ya sa a ke yarda da ita.

A Nijeriya ma haka aka faro. Kofin Gwamna da aka fara a Ikko a 1945 sili ɗaya ƙwale ne. Da ra'ayin masana na Ikko a ke bi, da wuya a ce Kano za ta yi wani abu, amma a 1953 Kano ta ɗauki kofin, ita ce ta fara fitar da shi daga Ikko.

Sai dai ƙa'idar lissafi ma tana da ramin da a ke faɗawa. A 2013, a Bauchi, ƙungiyoyi biyu masu neman hawa mataki suka yi daidai a maki, ya zama yawan ƙwallaye ne zai raba su. Ran ƙarshe Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da babu, Police Machine ta ci Babayaro 67 da babu. Hukumar ƙwallo ta ƙasa ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma, ta haramta wa 'yan wasan ƙwallo har abada. Haka kuma a gasar duniya ta 1982, Jamus ta Yamma da Ostiriya suka shiga fili sun riga sun san sakamakon da zai fid da su duka biyu, aka tashi 1 da babu, Aljeriya ta koma gida. Tun daga nan a ke yin wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci ɗaya.

Shawarar da a ke ba ku

Ga tsarin da ya dace da ƙasarmu. Ƙungiyoyi 21 a raba su rukuni bakwai, uku-uku, bisa ga kusancin gari da sauƙin hanya. Uku za su zama na Sabon Birni zalla, uku na Isa zalla, na bakwai ya haɗa biyu na Sabon Birni da ɗaya ta Isa. Kowace ƙungiya ta kara da 'yan rukuninta gida da waje, wasa huɗu ke nan. Jimla wasa 42. Wanda ya ci yana da maki uku, kunnen doki maki ɗaya.

Zakaran kowane rukuni ya shiga zagayen ƙarshe, ba wanda ke da ikon hana shi, ko kyaftin ɗinsa ya karye, ko an ce rukuninsa mai rauni ne. Ƙungiyoyi bakwai ke nan. Gurbi na takwas shi ne ƙofar mai ƙarfin da ya yi tuntuɓe. A duba waɗanda suka zo na biyu, a ɗauki biyu mafi yawan maki, su yi wasa ɗaya a filin da ba na kowa ba a cikinsu. Wadda ta ci ta shiga. Sa'an nan takwas ɗin su yi sili ɗaya ƙwale, wasa bakwai. Gasar duka wasa 50, maimakon 210.

In ƙungiyoyi biyu na rukuni ɗaya suka yi daidai a maki, a fara duba karawar da suka yi da junansu. In ba ta raba ba, a duba ratar ƙwallaye, amma kada a lissafa wa kowa fiye da rata uku a wasa ɗaya. Da haka wanda ya ci 3 da babu da wanda ya ci 30 da babu duk ɗaya ne, ba ribar da za a samu wajen sayen abokin karawa. In har yanzu ba su rabu ba, su sake karawa. Ƙuri'a ita ce ta ƙarshe, a yi ta a bainar jama'a.

Wannan tsari yana da rauni ɗaya, ya kamata ku san shi. Rukuni mai ƙungiya uku, ran wasan ƙarshe ɗaya tana zaune tana kallo, biyun da ke fili kuwa sun san abin da su ke bukata. Maganinsa, a kawo alƙalin wasa daga wata ƙasa, ƙungiyar da ke hutu ta aiko wakili ya zauna ya sa hannu a takardar sakamako, kuma rukunoni bakwai duka su yi wasansu na ƙarshe rana ɗaya, sa'a ɗaya.

Wani zai ce, to, in ƙungiyoyi biyu mafiya ƙarfi suka faɗa rukuni ɗaya fa, alhali wani rukunin na ƙauyuka ba mai ƙarfi a ciki? Gaskiya ne wannan ya kan faru. Domin haka aka bar gurbi na takwas, kuma inda hanya ta yarda a raba waɗanda suka kai wasan ƙarshe bara kada su zauna rukuni ɗaya. Amma ku tuna abin da ya sa a ke gasar. In samarin Tara ko na Tidibale suka gane cewa ko sun ci duk wasanninsu za a ɗauki na cikin gari a bar su, baɗi ba za su fito ba. Shekara uku sai gasar ta koma ta garuruwa biyu.

Maganar hanya

Ba sai an gaya muku halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga ba, ga kuma Gulbin Rima in ya cika. Kada a tilasta wa yara bin hanyar da uban ƙasa ya san ba ta da lafiya saboda tsoron asarar maki. Ƙungiyar da ta kasa zuwa don wannan dalili, in hakiminta ya shaida a rubuce, a ɗaga wasan ko a mai da shi wani fili. Wadda ta ƙi zuwa ba dalili, a ba abokiyar karawarta maki uku da ƙwallo uku. Ran ɗan mutum ya fi kowane kofi.

Aikin malamai

Ku malamai, a hannunku gaskiyar wannan al'amari ta ke. Kowace ƙungiya ta kawo sunayen 'yan wasanta kafin a fara, da garin kowa, in gasar makaranta ce da ajinsa. A rufe littafin ran da aka sanya, ba ƙari. Mu mutanen kan iyaka ne, da wuya a sami gidan da ba shi da dangi a ƙetare, saboda haka a yanke tun farko ko ɗan'uwan da ya zo daga ƙasar Maraɗi zai buga ko ba zai buga ba, kuma wata nawa mutum zai zauna a gari kafin a lissafa shi ɗan gari. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a ga sabuwar fuska ran wasan kusa da na ƙarshe.

Bayan kowane wasa a rubuta rana, da fili, da sakamako, alƙalin wasa da kyaftin biyu su sa hannu nan take. A yi kwafi biyu, ɗaya a ofishin uban ƙasa, ɗaya wajen kwamiti. Kowane mako a liƙa jerin maki a ƙofar fada da bakin kasuwa, don kowa ya lissafa da kansa.

Aikin iyayen ƙasa

Kwamiti yana da amfani, amma aikinsa sauraron ƙara ne da tabbatar da an bi abin da aka rubuta. Ba shi da ikon cewa wannan ta fi waccan kyan wasa. In ana maganar ƙungiyar garin wani ɗan kwamiti, ya tashi ya fita har a gama. Ƙara kuwa a kawo ta cikin kwana biyu, a yanke cikin kwana bakwai, a faɗi dalili.

Abu mafi girma shi ne wannan: ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta ƙa'idodin nan duka kafin a buga ƙwallon fari, a karanta su gaban shugabannin ƙungiyoyi, su sa hannu, uban ƙasa ya buga hatiminsa. In an ga aibi a tsakiyar gasa, a rubuta shi a ajiye, a gyara baɗi. Mai kuɗin da ya ba da kofi a gode masa, a zaunar da shi a kujerar gaba, amma kofin da ya saya bai saya wa ƙungiyarsa gurbi ba. Ranar da ɗan uban ƙasa ya ke cikin ƙungiyar da ƙa'ida ta fitar, ran nan ne talakawa za su san ko takardar tana da daraja. Yaran da ke kallonku a bakin fili su ne za su riƙe littattafan haraji da na shari'a nan gaba, kuma abin da suka ga an yi da maki uku shi za su yi da abin da ya fi shi.

Ana roƙon kowane uban ƙasa ya tara hakimansa da shugabannin makarantu da na samari kafin kaka, a karanta musu wannan takarda, abin da suka ga ya kamata a gyara malami ya rubuto.