Ƙarshen Zamani da Tabarmar Baƙo

Ranar 22 ga Oktoba, 1844, dubban mabiyan wani mai wa'azi, William Miller, a Amurka suka zauna jiran dawowar Almasihu, wasu ko amfanin gonarsu ba su girbe ba. Gari ya waye shiru. Wani mai wa'azin kuma, Harold Camping, ya sa ranar 21 ga Mayu, 2011, ita ma ta wuce salin-alin.

Alhali Littafi Mai Tsarki bai ɗora wa Kirista lissafin rana ba. Matiyu sura 24 ta bar sanin sa'ar ga Uba kaɗai. Manzo Bitrus kuwa, a wasiƙarsa ta fari sura 4, da ya ambaci kusantowar ƙarshe, sai ya zarce da addu'a, ƙauna, da karɓar baƙi ba gunaguni. Wannan gunagunin, a ganina, nan gizo ke saƙar. Buɗe ƙofa ba wuya. Amma baƙo ya kwana, ya sake kwana, tuwo ya fara kasawa, uwargida ta fara tsaki a madafa! Shi ya sa Bahaushe ke fifita shimfiɗar fuska a kan ta tabarma.

A Matiyu sura 25 ma, shari'ar ƙarshe a kan mayunwaci da baƙo ta tsaya. Mun ga irin wannan karɓar baƙi a 2014, da Boko Haram ta kama Mubi: gidaje masu yawa a Yola, na Kirista da na Musulmi, suka sauki 'yan gudun hijira wata da watanni, ɗaki ɗaya ana kwana a jere.