Karayar Ƙashin Cinya ga Tsofaffi: Kwanciya Ba Ita Ce Magani Ba

Iyayenmu dattawa da 'yan kasuwa na Kasuwar Relief ta Anacha, da 'yan'uwa mazauna Inugu da Fatakwal, da sauran jama'ar ƙasa, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku.

Idan shekaru suka ja, ƙashi yakan yi rauni, har santsin bayan gida ma ya isa ya karya ƙashin cinya, galibi kusa da ƙugu. Alamarsa ita ce tsoho ya kasa tashi, ƙafar ta gajarce, ta karkace waje. In an ga haka, kada a ja ƙafar, kada a kai shi ga mai ɗori, kada kuma a ɗora shi a mota a ce sai gida Arewa. Jijjigar hanya tana ƙara ɓarna. A nufi asibiti mafi kusa a ɗauki hoto. Gwamnatin Tarayya tana da Asibitin Ƙashi a Inugu, irin na Dala da ke Kano, a Fatakwal kuwa akwai Asibitin Koyarwa na Jami'a.

Tun wajen 1940, da likita Küntscher na Jamus ya fito da dabarar zura ƙarfe cikin ƙashin cinya, jinyar ta sake. A Ingila, ƙa'idar da aka kafa a 2011 ita ce a yi wa mai karayar ƙugu aiki ranar da aka kwantar da shi ko kashegari, a kuma tashe shi kashegarin aikin. Dalili kuwa, doguwar kwanciya ita ke haddasa gyambon baya, da ciwon huhu, da daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wadda takan hallaka mutum farat ɗaya. Takawa kuma tana ƙarfafa nama, tana taimaka wa ƙashi ya haɗe.

Saboda haka, kada tausayi ya sa ku hana tsoho tashi. Amma likita ne zai faɗi nauyin da za a ɗora wa ƙafar, ma'aikacin gashin ƙashi ya koya masa tafiya da sandar dogarawa. A gida, a guji tsuguno, a yi salla a kan kujera, a bar fitila da dare, a ba shi nono da ƙwai da wake da kifi. Ƙashin yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya haɗe sosai, amma sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya. Wassalam.