Maganar likita ma magani ce

Hirarmu ta yau a kan ma'aikatan jinya take, maza da mata, waɗanda mu duka muke ce ma likita. Su ne ke tarbonku in kun je asibiti, a Yamai ko Damagaram, Maradi ko Tawa.

Aikinsu bai tsaya ga allura da ɗaurin miki ba. Mara lahiya yana zuwa da ciwo, yana zuwa da tsoro. In an gaishe shi, an saurare shi cikin harshen da yake ji, sai ya hwaɗi gaskiyar ciwonshi. In aka daka mishi tsawa, sai ya ɓoye. Uwa ba za ta ce ta yi kwana 3 tana ba yaro jiƙo ba. Kun ga likita zai yi aiki cikin duhu.

A 2003 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a manyan birane 5: Yamai, Bamako, Dakar, Konakiri da Abijan. Kukan marasa lahiya iri ɗaya ne: rashin kyakkyawan tarbo, da barin wanda bai san kowa ba yana jira. Wannan ba daidai ba ne. Talaka da mai kuɗi, ɗan birni da ɗan ƙauye, hakkinsu ɗaya.

Amma ku dubi nauyin da ke kan ma'aikacin jinya. A 2006 gomnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, iyaye suka ƙaru a bakin asibiti. Da damina, zazzaɓin sauro yana cika gadaje. Mace ta kwana tana aiki, yaro ya cika a hannunta, ta haɗiye hawaye ta juya ga na gaba da sakin huska. Haɗiye hushi da baƙin ciki aiki ne, yana gajiyarwa kamar noma. Shi ma mai aikin yana bukatar hutu da mai jin kukanshi.

To, mine ne naku? Ku zo da wuri, kada ku jira ciwo ya yi ƙarhi. Ku riƙe katin yaro. Ku hwaɗi abin da kuka sha. Abin da ba ku gane ba, ku tambaya, babu kunya. In an wulaƙanta ku, ku gaya ma majo, shugaban ma'aikatan wurin. Wanda ya kyautata muku, ku ce mishi sannu da aiki.

Allah ya ba mu lahiya. Sai wani mako.