JIRGIN DA ZAI CECE MU DA DAMINA, DA RANI MUKE KASHE SHI

Jawabin kwamitin ayyuka a babban taron ƙungiya na shekara-shekara

 



Da aka ba wannan kwamiti damar yin magana a yau, mun san da yawa daga cikinku za su zaci batun hanya za mu ɗauko, ko na asibiti, ko na makaranta. Duk suna nan, kuma za a zo kansu. Amma mun zaɓi mu fara da wani abu da ake ganin ƙarami ne, wato yadda muke ajiye kwale-kwalenmu bayan ruwa ya janye. Muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku, domin rayukan iyayenmu da na 'ya'yanmu ne ke hawa waɗannan jirage.

Kowa a nan ya san ƙasar da ta haife mu. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, ya biyo ta Wudil da Ringim, ya ratsa fadamunmu, ya nufi Haɗeja da Nguru. Shi ne shinkafarmu, shi ne kifinmu, shi ne kuma fargabarmu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe magudanai, ruwa kuma idan ya rasa hanyarsa sai ya nemi ta gonaki da gidaje. Ba sai an tuna wa ɗan Miga abin da ya faru a 2018 da 2020 da 2022 ba. Ko daga Hantsu mutum ya fito, ko Koya, ko Sansani, ko Tsakuwawa, ko Zareku, yana da ɗan'uwan da ya kwana a makaranta da iyalinsa, ko wanda ya tsaya yana kallon gonarsa ta zama tafki. A irin waɗannan makonni mota ba ta da amfani, babur ba shi da amfani. Mai naƙuda, da mara lafiya, da buhun hatsin da aka tsamo, duk jirgi suke jira.

Alhamdu lillahi, ba ku taɓa yin ƙasa a guiwa ba. Duk lokacin da labari ya iso birni kukan yi karo-karo, gwamnati ma takan kawo nata, a sayi jirage a kai. To, amma bari mu gaya muku abin da idonmu ya gani. A wani watan Maris mun kai ziyara ɗaya daga cikin ƙauyukanmu, muka nemi a nuna mana jirgin da aka kai musu shekara biyu kafin nan. Aka kai mu bakin wani busasshen kwari. Ga shi nan a kan yashi, bakinsa sama, rana na dukansa. Tsakanin katako da katako mutum zai iya zura yatsa. Kwaltar da aka liƙe shi da ita ta narke ta zube, gara ta yi gini a ƙarƙashinsa, awaki sun mayar da cikinsa makwanci. Muka tambayi wanda ke kula da shi, sai aka shiga kallon-kallo. Wani dattijo ya ce mana, “Ai na jama'a ne.”

A nan matsalar take. Masunci ba ya wulakanta jirginsa, domin da shi yake ciyar da gida. Jirgin da aka kawo kyauta shi ne maraya: ranar da aka miƙa shi an yi taro an ɗauki hoto, washegarin janyewar ruwa kuma ba shi da uba. Laifin ma ba na mutanen ƙauyen kaɗai ba ne. Mu da muka saya ba mu ware ko kwabo don inuwarsa ba, ba mu kuma damƙa shi a hannun kowa ba.

Mutane da yawa sun ɗauka ruwa ne ke cin jirgi. Tarihi ya nuna ba haka ba ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani katako a zurfin kimanin mita 5. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka sassaƙa daga itace dangin maɗaci. Bincike ya nuna ya kai shekara 8,000, kuma ba a samu jirgin da ya girme shi a duk Afirka ba. Me ya tsare shi? Yana kwance cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, inda rana ba ta kai gare shi, iska ba ta shiga, yanayinsa bai sauya ba. Jirgin kakanni ya yi shekara dubu takwas a ƙasa mai maƙwabtaka da tamu, namu kuma ya gaza kai shekara uku.

Abin da ke kashe katako shi ne jiƙa da bushewa, yau wannan gobe wancan. Idan ya sha ruwa yakan kumbura, haɗin ya matse, shi ya sa jirgin da ke aiki kullum ba ya yoyo sosai. Idan aka fito da shi aka bar shi, iskar hunturu ta fara zuƙe shi, sannan zafin bazara, wanda a watan Afrilu kan haura digiri 40, ya ƙarasa. Katako yana tsukewa ta faɗinsa fiye da ta tsawonsa, saboda haka haɗin yakan buɗe, ƙusoshi su yi sako-sako, jikin ya tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai kuma ruwan sama. Jirgin da aka bari baki sama kwatarniya ce. Mu yi lissafi: jirgi mai tsawon mita 8 da faɗin mita 1, idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare guda, zai tara lita 400, wato duro biyu cur. Wannan nauyi yana danna gindin jirgin da ke kan tudu har ya lanƙwasa. Idan ruwan ya kwanta ya haɗu da laka da ganye, funfuna ta samu gida. Abu uku take bukata, danshi da ɗumi da iska kaɗan, kuma duk muna da su daga Yuni zuwa Oktoba. Baƙin tabo da warin da ake ji alama ce kawai. Mugun shi ne ruɓewar da ke bin cikin katako, a ga jirgi lafiya lau daga waje, a soka wuƙa ta shige kamar cikin kabewa.

Kada wani ya ce ai yanzu ana kawo jiragen roba, waɗanda ba katako ba. Su ma rana tana cin fatarsu, ta koɗe ta yi gari, daga baya ta tsage. Rigunan ruwa da ake rabawa sun fi kowa saurin lalacewa: a cusa su cikin buhu da jiƙonsu funfuna ta cinye ɗinkin, a bar su a rana igiyarsu ta ruɓe. Injin da aka ajiye da tsohon mai a cikinsa kuwa, ranar da ake nemansa ranar zai ƙi tashi.

To, ina mafita? Mun zauna da masunta da masu fito, kuma abin da suka gaya mana ba ya bukatar injiniya. Inda ruwa ke kwana har rani, a bar jirgi cikin ruwa, a riƙa kwashe abin da ya taru a cikinsa. Inda kogi ke ƙafewa, a ja shi zuwa tudu, a wanke laka da gansakuka, a bar shi ya sha iska a inuwa. Sannan a kife shi a kan guntayen azara ko duwatsu, yadda jikinsa ba zai taɓa ƙasa ba, gara ba ta samu tsani ba. A duba haɗin, a cusa auduga ko tsumma inda ya buɗe, a bi da kwalta, a sauya ƙusar da ta yi tsatsa. Daga nan a yi masa inuwa.

A kan inuwar nan muna so mu ja hankali, domin a nan masu kyakkyawar niyya ke kuskure. Wani zai sayo tamfol ko baƙar leda ya naɗe jirgi tsaf kamar gawa, yana ganin ya gama. Alhali ya yi masa turare ne. Da rana danshin katako zai tashi ya rasa mafita, da dare ya koma ruwa ya sauka a kansa, funfuna ta yi biki. Rufi nagari shi ne wanda ke tare rana da ruwa ya bar iska ta wuce. A kafa gwafa biyu, a gitta sanda, a ɗora tamfol ya yi doro kamar jinka, a ɗaure gefensa da kyau saboda guguwar farkon damina, a bar gaba da baya a buɗe. Wanda ya fi wannan ma shi ne abin da muka gada, rumfar zana ko ta ciyawa, wadda ba ta tara zafi, kayanta kuma suna nan a fadamarmu.

Abu na ƙarshe, jirgin da ya yi rani a tudu ba a ɗora masa mutane ranar da aka mayar da shi ruwa. Sai ya kwana biyu ko uku a bakin gaɓa ya sha ya kumbura, an ga inda yake yoyo an toshe. Ambaliya kuwa ba ta ba da kwana uku. Tsakar dare take zuwa, a ruga a janyo busasshen jirgi, a cika shi da mata da yara. Mun ji abin da ya faru a Warrah ta Jihar Kebbi a watan Mayu na 2021, inda jirgin katako ya dare a tsakiyar Kogin Neja da mutane fiye da ɗari a ciki. Mun ji na Bagwai a Jihar Kano a ƙarshen Nuwamba na 2021, inda yawancin waɗanda suka rasu ɗalibai ne. Allah Ya jiƙansu. Lodin da ya wuce kima shi aka fi ambata a irin waɗannan haɗurra, amma jirgin da rana da ruɓa suka riga suka ci ko rabin lodinsa ba zai ɗauka ba. Mun yarda da ƙaddara, mun kuma san addininmu ya hore mu da mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali.

Saboda haka kwamiti yana gabatar wa wannan taro shawarwari huɗu. Na farko, a ƙirga duk jiragen jama'a da ke yankinmu tare da dagatai da sarakunan ruwa, a rubuta halin da kowanne ke ciki. Na biyu, a gina rumfa a kan tudu kusa da kowane mashigi, ƙungiya ta kawo kuɗin kaya, matasan gari su yi aikin gayya. Na uku, kowane jirgi a damƙa shi a hannun mutum guda sananne, a ware wani abu daga kuɗin fito don kwalta da ƙusa da ɗan ihsaninsa. Na huɗu, daga yau kada mu sake sayen jirgi sai mun haɗa da kuɗin rumfarsa, kuma a duba kowane jirgi a watan Mayu, kafin ruwa ya sauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan'uwa mazauna birni, da yawanmu muna da rumfar mota a gida, wasu har da mayafinta. Kuɗin da ake kashewa a kan wannan zai yi wa jirgin ƙauye guda inuwa ya yi saura. Idan Allah Ya kai ku gida, bayan gaisuwa da zumunci, ku taka zuwa bakin kogi ku tambaya ina jirgin yake, wa ke riƙe da shi. Za a buɗe littafin gudummawa a teburin ma'aji da zarar an tashi, kuma kwamiti zai kawo muku lissafin kowace rumfa a taron baɗi, in Allah Ya yarda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga sharrin ruwa, Ya jiƙan magabatanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.